Shekarar da Na Ari Harshen Ummi

Sadiq, Walida, wannan babin naku ne, ku zauna ku karanta shi har ƙarshe, ban da irin karatun nan naku na waya, a leƙa sama a leƙa ƙasa a ce an gane. Na san abin da kuke faɗa in ba na kusa. Kuna cewa yayarku Ummi ce ta kashe mini sana'a a Malesiya da aƙidarta ta ƙin cin nama, ita ta ja aka cire ku daga makarantar da kuke so, aka tattaro ku zuwa Kano a tsakiyar zango ba ko sallama da abokai, ita kuwa ta yi zamanta a can. Kun girma da maganar nan a ciki, har ta kai yau in ta kira waya kuna miƙa wa juna kamar garwashi. Na daɗe ina shiru, ina zaton girma zai wanke abin, sai na ga tare kuke girma da shi. To ga yadda aka yi, daga bakin wadda ta tsaya a kicin ɗin.

A Cheras, wata unguwa a gefen Kuala Lumpur, muke zaune lokacin, can sama a wani dogon bene. In ka tsaya a baranda kana ganin jirgin ƙasa na MRT yana wucewa a kan gadarsa, daga nesa kuma dogayen gine-ginen tsakiyar Kuala Lumpur suna ɓuya suna fitowa cikin gajimare. Abbanku yana digirinsa na uku. Ya taho gida tattara bayanan bincike, ya ce mini wata guda zai yi, sai annobar korona ta sauko aka rufe iyakoki, wata guda ya zama sai abin da Allah ya yi. Garin da ba ya barci ya yi tsit. Jirgin yana ta kai da kawo ba kowa a ciki, fitilunsa a kunne da rana tsaka. Ladanin masallacin unguwa yana kiran salla ya ƙare da cewa kowa ya yi a gidansa, muryar ta bi ta tsakanin benaye ta dawo. Da la'asar ruwa ya sauko, ya ɗauke, ƙasa ta yi ta fitar da tururi. Kwanakin sun shige cikin juna har nakan tambayi Walida ko yau wace rana ce, ita kuma ta ba ni amsa da Malayanci. In na tuna shekarar nan yanzu, ina ganinta kamar abin da na gani tsakanin barci da farkawa.

Abin da ya riƙe gidan a lokacin kilishi ne. Mahaifina, kakanku Malam Ɗanlami, mahauci ne ɗan mahauci, kilishinsa kuwa har daga wasu garuruwa ake aiko saye. Ni ke kai masa abincin rana ina yarinya, in zauna a gefe ina kallo yana yanyana nama shara-shara har kana hango hasken rana ta cikinsa, ya shanya, ya tsoma a labu, wato kwaɓin tunkuza da kayan yajin da ake shafe kilishi da shi, ya sake shanyawa, sannan ya nuna wa wuta. A garinmu mace ba ta kilishi, amma a Cheras wa zai hana ni? Na mai da baranda mashanya, fanka tana taya rana aiki, in ruwa ya matsa in koma tanda da wuta ƙasa-ƙasa. Ɗalibai 'yan ƙasarmu na Bukit Jalil da yaran da ke aikin gidajen abinci a Bukit Bintang suka san da ni, masu babur ɗin kai saƙo suka san ƙofata. Alawus ɗin Abbanku yana zuwa yana maƙalewa, kilishin nan shi ke biyan haya da makarantarku. Dokoki biyu na gada daga kakanku. Ba a wasa wuƙa a gaban dabba, kuma kilishi ba ya fita daga gida da sunan sayarwa sai mai shi ya ci ya ji, ya yarda da gishirinsa da gashinsa.

Ummi tana shekarar farko a kwaleji, karatu ya koma kan kwamfuta, tana ɗaki daga safe har yamma da abu a kunne. 'Yar fari ce, ga ta da sunan surukata, saboda haka ni da ita ba mu saba doguwar hira ba, yawanci ke da ke ne. Wata rana na zuba shinkafa da miyar kaza, ta ture farantin a hankali.

"Umma, na daina cin nama."

"Azumi kike yi?"

"I'm serious, Umma. Nama, kifi, ƙwai, madara, har zuma. Na zama vegan."

"Har zuma? Ƙudan zuman ne suka kawo miki ƙara?"

Sadiq, ka yi dariya har ka ƙware, ita kuwa ko murmushi. Na ce a raina yayi ne, kwana biyu za ta ji ƙamshin gashi ta dawo hanya. Ashe na raina jikar Malam Ɗanlami, taurin kan gidanmu ta kwaso kaf.

Wata ƙungiya ce ta masu fafutukar haƙƙin dabbobi ta shiga ta intanet, suna taro ta bidiyo duk mako. Ta kawo mini wayar ta ce in kalla, na kuwa kalla, don ba na musu a kan abin da ban gani ba. Na ga kaji cunkushe a keji ba wurin juyawa, na ga ɗan maraƙi ana janye shi daga uwarsa tana bin motar da kuka. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya taɓa ni, na san kuma kakanku da ya ga wannan da ya tofar da yawu. Amma sai aka zo wani bidiyon. Wani lungu ne irin namu na gida ranar Babbar Sallah, dattijo ya kayar da rago, yara sun kewaye shi cikin sababbin kaya. A ƙasa mutane sun yi ta rubutu, wannan ya ce dabbanci, wancan ya ce mutanen da ba su waye ba. Shugabar taron nasu, wata baturiya da karenta sanye da riga a cinya, tana cewa wanda ya yanka dabba da wanda ya kashe mutum duk ɗaya ne. Nan raina ya ɓaci, na ajiye wayar da ƙarfi.

"Ke, wannan matar ta taɓa share turken akuya? Ta taɓa tashi ta kai wa tunkiya ruwa tana haihuwa? Kakanki yakan shayar da sa ruwa da hannunsa kafin ya kwantar da shi, ya ɓoye wuƙa a hannun riga, ya taɓa korar yaron shagonsa don ya ja akuya da kunne. Shi ne mai kisan kai? Tsohuwar da ke lungun nan, wadda daga wannan Sallah sai wata Sallah take ganin tsoka, ita ce ta lalata duniya?"

"Ban ce Kaka mugu ba ne."

"Talakan ƙauyenmu yana shekara a kan tuwo da miyar kuka da ɗanwake, ashe vegan ne bai sani ba, ba wanda ya tafa masa. Sai da masu ƙoshi suka gaji da nama abin ya zama addini."

Ta bari na gama, sannan ta nuna firiza da baki.

"Umma, naman da ke ciki ba Kaka ne ya yanka ba. A kwali ya zo, daga wata ƙasa, a daskare. Kin san ko an ba shi ruwa? Kin san ko ya ga wuƙa?"

Ban sani ba, kuma ta san ban sani ba. Na ce mata akwai tambarin halal a jikin kwalin, ta ce ba halal ta tambaya ba. Na tashi na shiga kicin ina ta buga tukwane.

Haka muka yi ta yi wata da watanni, gida ɗaya, ba wurin gudu, ni ina shanya nama a baranda ita tana rufe tagar ɗakinta. Ta koyi dafa tempe, wani curin waken soya na mutanen can, wurin maƙwabciyarmu Makcik Rohani, tsohuwar Bamalayar da ke ƙofa da ƙofa da mu. Ta rame, leɓenta ya yi fari, gashinta yana bin mataji. Likita ya rubuta mata ƙwayoyin ƙarin jini da wani sinadarin da ya ce ba a samunsa a ganye. Na ce abincin da sai an haɗa shi da ƙwaya ai bai cika abinci ba. Ta ce ni da nake cin nama kullum me ya sa nake shan maganin hawan jini. Abbanku ta waya yana cewa a bi ta a hankali, Gwaggonku Asabe tana karɓe wayar tana cewa in zuba mata romon ƙashi a miya, ina za ta sani. Wannan kam na ƙi. Zan yi faɗa da 'yata ido da ido har gari ya waye, amma ba zan ci amanar bakinta ba.

Sai cutar ta shigo gidan, ni ta kama. Aka ce mu killace kanmu, aka ɗaura mini wani abin hannu na shaidar mai cutar, na kulle a ɗaki ni kaɗai. Zazzaɓin yakan taso da azahar, lokacin da hadari ke haɗuwa. Ina kwance ina kallon taga, sai in ga fararen shanu suna tafe a kan babban titin da ba mota, a ƙarƙashin gadar jirgi, ƙahonninsu suna sheƙi, ba sa sauri. Kakanku yana bayansu da 'yar sandarsa, rigarsa ta jiƙe da ruwa, yana ɗaga kai yana duba benaye kamar mai neman gidan da aka kwatanta masa. In ɗaga hannu in kira shi, murya ta ƙi fita. Sai ruwa ya sauko ya shafe titin da shanun duka, in ji ana ƙwanƙwasa ƙofa, Ummi ta ajiye kwano ta ja da baya. Makcik Rohani tana rataya mana kunun shinkafa a marikin ƙofar waje, tana ɗaga murya daga nesa, "Makan, makan, jangan risau," wato mu ci kada mu damu. Walida, ƙwan da kike ci kowace safiya a kwanakin nan, wanda in ba shi ba ba kya karyawa, wa kike zaton yake soya miki? Ummi ce, da tsumma ɗaure a hanci take soyawa, in ta gama ta shiga banɗaki ta daɗe. Ta bangon ɗakina nake jin komai.

Allah ya tashi kafaɗata, aka cire abin hannun, aka ce na warke. Amma hancina da harshena ba su tashi tare da ni ba. Na buɗe kwalbar kanumfari na shaƙa, babu komai. Na tauna citta, kamar na tauna kara. Gishiri da sukari sai dai in bambanta su da ido. Ga Babbar Sallah ta matso, mutane ba su da halin yanka, kowa ya ɗora ransa a kan kilishina, saƙonni suna ta shigowa. Ban gaya wa kowa ba, ko Abbanku. Wa zai sayi abinci wurin wadda harshenta ya mutu? Tsoro ya kama ni irin wanda ban ji ba ko lokacin da nake kwance.

Ummi ce ta gano. Albasa tana ƙonewa a kan wuta, hayaƙi ya cika kicin, ni ina tsaye a gabanta ina daka yaji hankali kwance. Ta zo ta kashe wutar, ta tsaya tana kallona. Ta ɗauko lemon tsami ta yanka ta kai mini hanci, ban ji komai ba, na kau da kai. Sannan ta dubi robar da na fara kwaɓi a ciki.

"Umma, labun nan akwai nama a cikinsa?"

"Wane irin nama? Tunkuza ce da kayan yaji da albasa."

"Kafin a tsoma naman, ba komai na dabba?"

"Babu."

"To boleh lah, zai yiwu. Ki kwaɓa, ni zan ɗanɗana."

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi daɗi da na yi a ƙasar nan, ni da ba na jin daɗin komai a baki. Mukan zauna a ƙasan kicin da hantsi, turmi a tsakaninmu, hasken rana yana shigowa ta labule yana yawo a bango. Dole na faɗi abin da ban taɓa faɗa da baki ba, don kakanku bai koya mini da awo ba, da harshe ya koya mini. Na ce mata gyaɗa ce ke fara yin sallama, citta ta biyo ta, kanumfari da masoro su zauna a tsakiya kada a ji ɗaya ya fi ɗaya, kimba daga nesa, barkono kuwa sai an haɗiye yake isowa, ya kama maƙogwaro a hankali. Ta lakata da yatsa, ta rufe ido kamar mai sauraron waya daga gida.

"Barkono ya riga citta shigowa."

"To ƙaro tunkuza."

"Yanzu kanumfari yana ihu."

"Ke dai kin cika sharri. Miƙo dabinon can."

Tana ɗanɗanawa ina ba ta labarin kakanta, da rumfarsa, da yadda yake waƙa ƙasa-ƙasa in yana yanyana nama. Ita kuma ta ba ni labarin ɗan maraƙin nan, ta ce tun ranar da ta gan shi, duk tsokar da ta kai baki kukan uwar take ji. Ban ce ta yi daidai ba, ita ma ba ta ce na yi daidai ba. In an zo tsoma nama ta wanke hannu ta koma ɗaki. Shekara goma sha takwas ina kunyar yarinyar nan, sai a kan robar labu na san muryarta in tana dariya.

A wannan makon ne 'yan ƙungiyar suka nuna mata halinsu. Da yake ba ta iya ɓoye-ɓoye ba, ta faɗa musu a taro cewa mahaifiyarta ba ta da lafiya, tana taya ta haɗa yaji. Suka taso mata. Wani ya ce mai daka yajin nama da mai riƙe wuƙa ba su da bambanci. Shugabar ta ce in da gaske take, ta ɗauki hoton barandarmu da naman a shanye ta sa a shafinsu, duniya ta ga abin da ake yi a gidajen irinmu. Ummi ta ce uwarta ce. Aka ce dabba ma tana da uwa. Kafin la'asar sun cire ta. Na same ta zaune a bakin gado tana share hawaye da gefen mayafi, kuma har yau in na tuna raina yana tafasa. Mutanen da suka iya kuka saboda kaza, ba wanda ya tambaye ta ya jikin mahaifiyar taki. Tausayin da ba ya ganin mutumin da ke gabansa, ni ban san sunansa ba. Na zauna kusa da ita, ina zaton an gama, har na fara lissafin farfesun da zan yi mata.

"To tunda sun kore ki, sai ki dawo cikin mutane."

Ta ɗago jajayen idanu.

"Umma, ai ba don su nake yi ba."

A nan na san abin nata ba yayi ba ne, kuma ko ban so ba, ta ƙaru a idona.

Ana jibi Sallah kilishin ya kammala. An sha ruwa a kwanakin, rabi a baranda ya bushe rabi a tanda, ban taɓa yin mai yawa irinsa ba. Na gasa, na jera a faranti, launinsa ya yi kyau. Ummi ta shinshina daga bakin ƙofa ta ce ba wari. Saura dokar kakanku. Labu daban, kilishi daban, don gishiri yana tashi in nama ya bushe, wuta kuma tana iya cin baya ta bar ciki, ba a sanin wannan sai a baki. Na ɓalli ɗan gefe na tauna, na tauna, kamar kwali. Sadiq, kai a lokacin ko takalmi aka barbaɗa wa yaji cewa za ka yi a ƙaro, Walida kuwa ba ta cin yaji. Makcik Rohani ba ta san yadda kilishi yake ba balle ta san in ya kauce. Na tsaya a gaban farantin nan, wayata tana ta ƙara a kan firiza, ruwa ya fara sauka a waje.

Ban ji shigowar Ummi ba. Sai ganin hannunta na yi ya wuce ta gefena ya ɗauki yanki guda. Fuskarta ta yi fari fat, ta rufe ido kamar yadda take yi a kan labu, leɓenta yana motsi da bisimilla. Ta kai shi har bakinta.

Na riƙe wuyan hannun. Na buɗe yatsunta ɗaya bayan ɗaya na cire naman na mayar faranti.

"Umma, ki bari. Sau ɗaya ne. Hayar gida, makarantar su Sadiq..."

"Na ce a'a."

"Ke fa kike so in ci. Tun yaushe kike so in ci."

"Ina so ki ci don kin yarda, ba don kin ji tausayina ba. In kika haɗiye wannan yau, duk ranar da kika dube ni shi za ki ji a bakinki."

Ta faɗa jikina tana kuka, ni da ban taɓa rungumarta ba tun tana goye. Ban ji ƙamshin gashinta ba, ban ji na kilishin ba, sai ɗumin jikinta da ƙarar ruwa a kan rufin baranda. Mun daɗe a haka.

Washegari na ƙulla kilishin nan kaf na aika Bukit Jalil da Bukit Bintang, na ce a raba, na Sallah ne, ba na sayarwa ba ne, kuma daga yau na rufe. Wani ɗalibi ɗan Zariya ya kira ni yana rantsuwa bai taɓa cin mai daɗinsa ba, yana roƙo kada in daina. Kuna iya cewa ashe da na sayar, da na ci gaba a haka ba wanda zai sani. Na yi wannan tunanin ni ma, ba sau ɗaya ba. Amma na san 'yata. Da na ci gaba, kowane gashi za ta zo ta tsaya a bayana, kuma wata rana zan juya in ɗauko leda, kafin in waiwayo ta haɗiye. Ban ga hanyar da zan riƙe sana'ar in riƙe ta ba, sai na zaɓa. Ba ta roƙe ni ba, ba ta ci ni da hujja ba. Ita ce ma ta yi ta bina tana cewa in sake tunani.

Abin da ya biyo baya kun san shi, don a jikinku ya sauka. Haya ta gagara, makaranta ta gagara, da aka buɗe hanya na kwaso ku muka taho wurin Abbanku. Ummi ta zauna saboda kwalejin ta yafe mata kuɗin karatu, ta koma ɗakin Makcik Rohani, tana aiki a wani kedai, wato shago, da yamma. Ku kuka ga an bar ta a garin da kuke so an ɗauke ku. Walida, kin yi kuka a jirgi har barci ya ɗauke ki, Sadiq kuwa ka yi wata ba ka yi mini magana mai daɗi ba. Na ji zafin wannan, ina jinsa har yanzu, kuma ban ce ba ku yi rashi ba. Na bar ku kuna zargin wadda ba ta kusa saboda ita ta ce in bari, wai gara ku yi fushi da na nesa da ku yi da wadda za ta tashe ku makaranta da safe. Shekarun nan duka tana ɗauke da kayan da ba nata ba, ba ta taɓa buɗe baki ba.

Har gobe ban yarda da ita a kan nama ba. Ina yanka ragona duk shekara, ina tsayawa a kan mahaucin ya ba shi ruwa, ina kuma cewa Allah ya halatta, wanda ya ga zai iya bari ya bari, amma kada ya zagi tsohuwar da ke jiran tsokar Sallah. Ita ma har gobe tana aiko mini da bidiyon kaji, ina kallo ina aika mata amsa, mu yi ta yi har cajin waya ya ƙare. Hancina ya dawo daga baya, rabi-rabi, turare da lemo ina ji, nama kuwa har yau ƙaurin roba yake yi mini. Wannan kuma tsakanina da Ubangijina ne.

In akwai sauran fushi a cikinku, ga ni nan a ɗakina, ƙofa a buɗe, ku kawo shi inda ya dace tun ina da ran karɓa. Yayarku za ta zo ganina ƙarshen watan nan. Ta ce kada a wahalar da kowa, za ta hau tasi daga filin jirgi kamar yadda ta saba. Na ce mata a'a, wannan karon ƙannenta za su je su ɗauko ta.